Baƙin Ganye da Ruwan Makuba

Tunda ka ce jibi mai kayan zai zo kuma aikin bai kammalu ba, zauna in ba ka misali kafin ka yi masa kwaskwarima. Ni ban taɓa sa taba a bakina ba, ban kuma ce ka sa ba, amma na zauna da masu nomanta.

An yi wani manomin taba a bakin fadama, wanda ya gaji gona da suna wurin mahaifinsa, sunan kuwa ya fi gonar daraja. Tsohon ya shahara da baƙin ganye, irin wanda ake naɗe taba mai kauri da shi, wadda babu takarda a jikinta, ganye ne ciki da waje. Baƙin nan ba a gona ake samunsa ba. Sai an shanya ganyen a rumfa ya bushe, a yayyafa masa ruwa, a jibge shi tsibi guda, a rufe da buhuna, a danne da duwatsu. Tsibin da kansa yake ɗaukar zafi yana gumi. Duk mako mutum ya zura hannu har gwiwa, in zafin ya kai ya juyo na ciki waje, ya sake rufewa. Wata uku ake wannan kafin ganyen ya yi baƙi ƙirin, ya yi maiƙo, ɗacinsa ya kwanta. Akwai wani dattijo mai naɗin taba a birni, shekara ashirin ba ya sayen ganyen naɗi sai a gidan. Shi ne yake cewa in an kunna tabar, hayaƙin kan zo da nauyi, da ƙamshin soyayyar gahawa da na ƙasar da ruwan farko ya daka, zaƙin dabino ya biyo baya, can ƙarshe ɗan yajin masoro ya tsaya a maƙogwaro. Tokarta kuma fara fat, ba ta saurin zuba.

Shekarar da tsohon ya rasu damina ta makara, yankan ganye ya makara, komai ya ja baya. Sai ga saƙo daga dattijon: yana tafe ranar kasuwa, yana so ya ga ko hannun ɗa ya kai na uba. Manomi ya ɗaga buhu ya duba. Ganyen yana nan ja-ja, kwana ashirin cur suka rage masa. Abin da yake tsoro ɗaya ne, kada a ce tsoho ya tafi kabari da sirrin. Yana cikin wannan zullumi ya iske matan gida suna daɓen ɗaki, suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, daɓen yana yin baƙi yana sheƙi. Ya tsaya yana kallo har suka tambaye shi ko lafiya. Washegari ya farke tsibin yana tsaka da zafi. Da yake bai san damin da baƙon zai zara ba, sai ya bi ganyen kakaf ya shafe shi da makuba, ya bar shi ya sha iska, ya ɗaure shi dami-dami. Kai, in ka ga ganyen nan sai ka rantse tsohon ne ya dawo!

Ranar kasuwa bayan azahar dattijo ya iso cikin farar riga. Aka yi gaisuwa, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya zura hannu tsakiyar dami ya zaro ganye ɗaya. Ya ɗaga shi a rana. Ya shimfiɗa shi a cinya yana lallaɓa jijiyoyinsa da babban yatsa. Manomi na durƙushe a gefe. Dattijo ya fito da nasa ganyen na ciki, ya naɗe shi da wannan a tsanake, ya lashi gefen ya manne, ya kunna. Ya ja sau ɗaya ya riƙe. Ya ja na biyu, sai tari ya sarƙe shi, hayaƙi mai ƙauri ya cika zauren, toka ta zubo baƙa. Da ya cire tabar daga baki, leɓɓansa sun rine. Ya goge da hannun riga, ya daɗe yana kallon tabon.

"Ɗana, kwana nawa ya rage wa tsibin?"

Manomi ya sunkuyar da kai ya ce, "Ashirin, Baba."

"Sau uku mahaifinka yana mai da ni birni hannu rabbana, ya ce bai nuna ba. Abin da ya sa nake dawowa ke nan."

Ya miƙe ya sa takalminsa, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Manomi ya ruga ya sake jibge ganyen, ya rufe, ya danne da duwatsu, yana fata ko zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ina! Tsibin da aka farke yana tsaka da gumi, aka kuma jiƙa shi da makuba, bai sake ɗaukar zafi ba. Kullum ya zura hannu sai ya ji sanyi ƙalau. Kafin mako ya zagayo fumfuna ta cinye shi, ya kwashe noman shekara guda ya zuba a juji, dattijon kuma bai ƙara tako ƙauyen ba.

To, kai ma jibi ka gaya wa mai kayan gaskiya, ka ce ya ƙara maka kwanaki. Hausawa sun ce garin neman gira a kan rasa ido.