Tsiron Ɗorawa a Gangaren Rafi

Bayan babbar gobarar daji aka sa mana doka: in ƙasarmu ta yi damina biyu ba ta fitar da tsiro da kanta ba, za a tashe mu. In kuma aka kama an shuka da hannu, a ranar za mu tashi.

Ranar dubawa ni na raka ma'aikaciyar da hukuma ta turo. Ƙasa ta yi tauri kamar kasko, ko ruwa ba ya shigarta. Tana soka sandar ƙarfenta tana girgiza kai.

A gangaren rafi ta tsaya. Ga tsiron ɗorawa cunkushe wuri guda, sun fi talatin.

"Inna, ɗorawa ba ta fitowa haka. Wa ya zuba iri?"

Na ce, "Ba kowa, 'yata. Nan wutar ta cim ma maigidana. Kalwar daddawa ya ɗauko mini a buhu."

Ta durƙusa ta tona da yatsa, ta ciro guntun buhu da ya narke. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar, ta rufe da ƙasa.

"Da kanta ta fito," ta ce, ta rubuta.