Layi Arba'in na Isiyaku

Tun da aka kafa dokar, duk wanda ya rubuta manhajar kwamfuta wadda shi kaɗai ya gane kanta, ba ya barin gari sai dai gawarsa.

Barira, mai duba aikin manhaja a ofishin ruwa, ta karanta gyaran da Isiyaku ya yi wa manhajar famfo sau uku. Layi shida ya mayar arba'in, ko rabi ba ta fahimta ba.

"Famfo zai riƙa tashi da sauri, Yaya Barira," in ji shi. "Ruwa zai kai gidajen bayan dutse."

"Ran da ya lalace, wa zai gyara?"

"Ni."

"Kai kaɗai ke nan. Ba Zariya ka ce za ka koma wajen iyalinka ba?"

A kusurwa Baba Ɗanlami na gyangyaɗi gaban na'urarsa. Shi ma ya taɓa yin irin wannan dabara shekara ashirin baya. Jakar hajjinsa na nan ƙarƙashin tebur, zif ɗinta ya yi tsatsa.

Barira ta lalubi tausayi ko haushi a ranta, ba ta samu ba. Ta sa hannu a kan gyaran.

"Gobe za a kawo maka kujera mai laushi," ta ce. "Irin ta Baba."