Ranar da Na Wanke Jirgin Kaka

Da aka sallamo Kaka daga asibiti a birnin Rosario, na tare shi da ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasansa na wasa a tafin hannuna, yana ƙyalli.

Kwana uku na yi ina goge shi da auduga da sifirit. Bakina ba ya iya cewa na yi kewar mutum, sai na bar hannuna ya faɗa. Na cire baƙin hayaƙin bututunsa, na kankare tsatsar ƙafafunsa, ya koma kamar yau aka saye shi.

"Ke 'yar nan, wa ya aike ki?" ya ce yana murmushi. "Na sha wanka a hannun nas-nas, shi ma bai tsira ba?"

"Ya yi datti ne, Kaka."

"Ba datti ba ne, fenti ne da garin alli na shafa masa da gangan. Jirgin da bai tsufa ba ai bai je ko'ina ba."

Ya ture ƙoƙon shayinsa na mate, ya sa tabarau, ya juya jirgin ta hagu. Ya daɗe yana duban ƙasan tagar direba, har murmushin ya ɓace.

"Kakarki ce ta ɗauke shi fentin bai bushe ba," ya ce. "Na yi ta faɗa har ta yi kuka. Sawun babban yatsanta ya fito a nan. Shekara tara da binne ta, kowace safiya nan nake taɓawa."

Ya ɗora nasa yatsan a wurin. Sumul yake.