Tsarabar Alhaji Uba

"Sikelin nan ƙarya yake yi!" in ji Istifanus.

Likitan masaƙarsu ta Bompai ya girgiza kai. Ƙiba ta ƙaru, ciwon sukari ya tashi, ga shi ana ta rage ma'aikata.

Istifanus ya koma gida. Wata uku ke nan ya bar tuwo, kullum da safe matarsa Lami na dama masa khal ɗin tuffa, ruwan tsamin nan da ake cewa yana rage ƙiba, tsarabar Makka daga abokin aikinsa Alhaji Uba.

"Lami, na shiga uku. Ko khal ɗin nan jabu ne?"

"Haba Baban Esta, wane jabu? Tsaminsa ko akuya ba ta sha. Ba don cokali huɗu na sukari da nake zuba maka ba, ai da tuni ka daina."