Tawadar Ofishin Ruwa

Hambali ya zuƙo tawada a sirinji, ya ɗura wa kurtun, sannan ya ɗiga kyandir a bakin hudar har ta toshe. Kurtu shi ne sunan da ma'aikata suka sa wa ɗan akwatin robar da ke riƙe tawadar sabuwar firinta, wadda Turawan aikin noman rani suka bar wa ofishin ruwa na Kura a 1989. Sabon kurtu sai daga ƙasar waje, shi ya sa aka huda wannan da ƙusa mai zafi ana ɗura masa.

Kowace Juma'a Hambali yakan cika shi kafin a tashi. Kowace Litinin yakan same shi a bushe.

Ba ƙaramin abu ba ne. Da firintar ake buga takardun rabon ruwa, in ba su fita ba kuwa, masu tumatir na Bunkure da masu alkama na Kura sai sun ba hamata iska a bakin kwata.

Manaja, Alhaji Isiyaku, ya ce laifin toshiya ne. Mutum ne tsayayye mai baƙin gemu wuluk, wanda sa'o'insa duk guguwar sallamar tsofaffi ta kwashe su, shi kuwa ko gezau. Shi ke rufe ofis da hannunsa bayan kowa ya watse, don a cewarsa kayan gwamnati amana ne.

Hambali ya bar kyandir ya koma kakin zuma. Ya gwada ƙaro, ya gwada gam ɗin facin keke, har kwalta ya ɓanɓaro a titin Zariya. Kullum sai ya tarar da wata 'yar ƙofa a tsakiyar toshiyar, kamar sukar allura. Manaja ya duba ya ce zafin gari ne, kuma da Hambali gwani ne da ya san da zafin gari. Ya ƙara da cewa in aka sake samun kurtun a bushe, Hambali ya nemi wani aikin.

Ranar Alhamis Hambali ya shiga Kano neman tawada, ya tarar baƙar ta yanke a kasuwa. Dole ya sayo shuɗiya ta hatimi, wadda a cikin kwalba ba ka raba ta da baƙa. Bai faɗa wa kowa ba, gudun ƙarin faɗa. Ya ɗura, ya toshe, ya yi addu'a.

Litinin kurtun a bushe yake. Hambali ya tattara 'yan komatsansa ya zauna jiran hukunci.

Manaja bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Hambali, ci gaba da aikinka. Amma daga yau baƙa za ka riƙa sayowa."

Hambali ya ɗaga kai, sai ya ga Manaja ya aske gemun nan tas, haɓarsa kuwa shuɗiya shar, kamar an tsomo ta a marinar Kura.