Tabarmar da Ke Cikin Jaka

Ka ce kullum kana kiran gida a waya, ai ya wadatar. To, zauna ka ji labarin wani mutum. Mai gyaran kwamfuta ne, kuma tun yana da ƙuruciya yake son irin wasannin kwamfutar nan na da, waɗanda ba a harbi ba a tsere, sai dai ka yi ta yawo da ɗan mutum a kan allo, kana tsince-tsince kana zubawa a jaka, kana tunanin abin da zai buɗe maka hanya. Da ɗansa suke yi, kafaɗa da kafaɗa, har yaron ya girma ya sami aiki a birni mai nisa. Daga nan zumuncinsu ya koma na waya: an gaisa a tsaitsaye, an ce sai anjima. Uban bai iya ƙorafi ba. Da tsufa ya zaunar da shi, sai ya haɗa wasa nasa na kansa, ya aika wa ɗan. A cikin wasan, matafiyi ne zai koma garinsu. Tun a farkon hanya ana ba shi wata tsohuwar tabarma, sannan ya yi ta tara kaya: igiya, fitila, makullai, tulun zuma. Ɗan nan gwani ne, bai sha wuya ba. Ya ɗaura igiya ya sauka rijiya, ya janye kura daga hanya da ƙashi, ya shafa zuma a dutse tururuwa suka nuna masa ɓoyayyen rami. Yana yi yana dariya, don ya ga hannun ubansa a kowace dabara. Sai ya iso ƙofar gari, ya tarar da ita a rufe, ga wani tsoho zaune a gindinta. Ya gwada makullan nan kaf, ba wanda ya shiga. Ya miƙa wa tsohon zuma, ya miƙa fitila, tsohon ya kau da kai. Har tabarmar ya miƙa masa, ya ƙi karɓa. Ɗan yana tafiya a hanya ya kira uban a waya, ya ce a faɗa masa amsa. Uban ya ce, "Abin da kake nema yana cikin jakarka." Ɗan ya yi tsaki a ransa, ya ajiye wasan, harkoki suka sha kansa.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama uban, harshensa ya karye. Yanzu ko an kira, sai dai a kara masa wayar a kunne, ba ya iya cewa komai. Abin ya yi wa ɗan ciwo ƙwarai, ya rasa inda zai sa kansa. Wata ranar hutu da hantsi ya buɗe wasan, ba don ya ci ba, don dai ya taɓa abin da hannun ubansa ya yi. Ya tsaya a gaban ƙofar nan, ba shi da sauran dabara. Sai kawai ya shimfiɗa tabarmar kusa da tsohon, ya zaunar da matafiyin, ya ɗauke hannunsa daga madannai. Jim kaɗan tsohon ya juyo ya ce, "Sannu da zuwa. Ka sha hanya." Muryar ubansa ce, wadda ya naɗa tun yana da lafiya. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya ba da labarin damina da na maƙwabta, hira doguwa marar gaggawa, irin wadda waya ba ta taɓa ba su ba. Da ya gama sai ya miƙe ya tura ƙofar da hannu ɗaya. Ashe ba a kulle take ba tun farko. Ɗan bai tsaya ganin abin da ke cikin garin ba. Washegari ya kama hanyar gida, ya shimfiɗa tabarma a gefen gadon ubansa, ya zauna. Wannan karon shi ya yi ta hirar, tsohon yana riƙe da hannunsa da hannun da ya rage masa. Ni dai ban ga laifin ɗan nan ba, don da yawanmu muna tsaye a gaban wannan ƙofar, muna ta gwada makullai. Amma gaskiyar Hausawa ce da suka ce, zumunta a ƙafa take.