Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Mariƙi

"Uku a kan ɗaya, khalas, magana ta ƙare," in ji Alhaji Tijjani, yana tura wa Bakri wuƙaƙensa: ta Afar, ta Somaliya da ta Masai.

Bakri ya yi dariya. "Ya Hajj, ba kai ke cewa wuƙata ko albasa ba za ta yanka ba?"

"Miƙo dai, ka bar surutu."

Gaskiyar magana, shekara goma wuƙar nan ta ƙabilar Hadandawa tana hana Tijjani sakat. Duk mai tara tsofaffin wuƙaƙe da ya sauka Alƙahira, shagon Bakri na unguwar Ard al-Liwa yake nufa don ya gan ta. Shi kuwa Tijjani, mai guda arba'in a jere, kowacce da sunan ƙabilarta, ko leƙowa ba a yi. Shi da ya yi ƙira a Kassala ta Sudan tun Bakri na rarrafe!

Yana isa gida a unguwar Ainu Shams ya zare mariƙin wuƙar, kamar yadda ya saba, don ya ga alamar maƙerin kafin ya rubuta mata takardar suna. Sai ga ɗigo uku.

Ya zauna daɓas. Alamarsa ce. Shi ya ƙera ta yana saurayi, ya binne ta wata biyu a ƙasa mai gishiri, ya sayar wa wani Bature a matsayin ta kaka da kakanni.

Bakri ya tashi da na gaske guda uku. Tijjani ya dawo da aikin hannunsa, kuma ba damar ya buɗe baki, domin rabin wuƙaƙen da ya sayar a garin nan ɗigon nan uku ke jikinsu.